DOPPS da masu kore shi: amsa ga wani abokin aiki

Wani abokin aiki, likitan ƙoda da nake girmamawa, ya daɗe yana faɗa a tarukanmu cewa binciken DOPPS ba shi da abin da zai koya wa mai wankin ƙoda, tunda bincike ne na lura kawai, ba a raba marasa lafiya da ƙuri'a ba. A ganina ya wuce gona da iri, ko da yake hujjojinsa ba na wasa ba ne.

Tushen maganar sananne ne. A ƙarƙashin DOPPS, tun 1996 cibiyar Arbor Research da ke Michigan take bin marasa lafiya a cibiyoyin wankin ƙoda na ƙasashe daban-daban, kuma zangon farko ya nuna mutuwa cikin shekara guda ta kai kashi 6.6 cikin ɗari a Japan, 15.6 a Turai, 21.7 a Amurka (Goodkin da abokansa, 2003).

Abokin nawa ya ce wannan tazara ba aikin likita ba ce. Dashen ƙoda ya yi ƙaranci a Japan, don haka masu sauran ƙarfi, waɗanda a Amurka da tuni an yi musu dashe sun fita daga lissafi, suna nan a kan na'ura suna ƙawata alƙaluma. Na yarda da wannan. Sai ya kawo abin da ya fi nauyi. Binciken lura ya taɓa nuna cewa mai yawan jini ya fi daɗewa, amma da Besarab da abokansa (1998) suka gwada, suka ɗaga jinin masu wankin ƙoda da ke da ciwon zuciya da allurar ƙarin jini, sai aka dakatar da gwajin kafin lokaci domin mace-mace sun fi yawa a rukunin da aka ɗaga wa jinin. Haka gwajin HEMO na 2002, mai mutum 1,846: an ƙara ƙarfin wanki sama da mizanin da aka saba, ba a ga raguwar mutuwa ba. Sau biyu ke nan, in ji shi, lura ta yi alkawari ƙuri'a ta ƙaryata.

Abin da bai faɗa ba shi ne tambayoyin da ƙuri'a ta kasa amsawa. DOPPS ya alaƙanta zaman da ya wuce awa huɗu da ƙarancin mutuwa (Saran da abokansa, 2006). An yi ƙoƙarin gwada wannan a Amurka a gwajin TiME, inda aka nemi wasu cibiyoyi su riƙa ba sababbin marasa lafiya awa huɗu da kwata. Aka rufe gwajin, saboda tsawon zaman ɓangarorin biyu bai bambanta yadda ake buƙata ba. Duk wanda ya taɓa roƙon mara lafiya ya ƙara rabin awa a kan kujera ba zai yi mamaki ba. HEMO kuwa ya auna yawan dattin da aka cire ne, bai amsa batun tsawon zama ba. To a kan me likita zai tsaya ranar da zai rubuta awoyi? Sai binciken lura: rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Da na so in ce batun hanyar shiga jini ya rufe gardamar. A zangon farko kusan kashi 80 na marasa lafiyar Turai da haɗin jijiya na hannu ake musu wanki, a Amurka kuwa kashi 24 (Pisoni da abokansa, 2002). Daga baya masu binciken suka kwatanta cibiya da cibiya maimakon mutum da mutum, domin rage tasirin zaɓen da likita ke yi, suka ga hanyar shiga jini tana bayyana babban rabo na tazarar Amurka da Turai. Amma dole in ja baya kaɗan. Brown da abokansa sun nuna a 2017 cewa waɗanda aka yi wa haɗin jijiya bai yi aiki ba, suka fara wanki da robar wuya, sun fi daɗewa a kan waɗanda da robar aka fara musu tun asali. Wato wani ɓangare na fa'idar yana jikin mutumin da likita ya ga ya cancanci aikin, ba a jijiyar ba. Iyakar abin da zan iya tsayawa a kai shi ne robar wuya ƙofar ƙwayoyin cuta ce zuwa jini, kuma mai yiwuwa cibiyar da ta rage ta tana rage mutuwa, ko da bai kai yadda aka ɗauka a 2003 ba, lokacin da Amurka ta ƙaddamar da shirin fifita haɗin jijiya.

Akwai kuma abin da ni da shi muka tsallake. Duk wannan muhawara ta ɗauka mara lafiya yana zuwa sau uku a mako. Bitar da Ashuntantang da abokanta suka buga a 2017 ta gano cewa a Afirka kudu da Sahara kashi 84 na manyan da suka fara wanki sun daina, galibi saboda kuɗi. Wanda yake zuwa sai ranar da dangi suka haɗa kuɗin zama ɗaya, ba ya cikin HEMO, ba ya cikin zangon farko na DOPPS.