Jirgin yaƙin da ya koma ɗakin hira

A shekarar 1926 wasu Turawan Ingila, jami'an gwamnatin mulkin mallaka a Khartum, suka kafa kulob na masu tseren kwale-kwale mai tafiya da iska, suka sa masa suna Blue Nile Sailing Club. Sunan ya samo asali ne daga Shuɗin Nilu, reshen kogin da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha ya haɗu da Farin Nilu a bakin birnin. Ba su gina wa kulob ɗin mazauni ba. Wani tsohon jirgin yaƙi da aka sallama daga aiki, mai suna Melik, wato Sarki, shi aka ɗaure a gaɓa ya zama ofishinsu da wurin hirarsu.

Melik kuwa ba baƙo ba ne a ruwan nan. Kamfanin Thornycroft ne ya ƙera shi a Ingila, aka kawo shi gunduwa-gunduwa ta Masar, aka harhaɗa shi kusa da Barbar a 1898, domin rundunar Kitchener da ta nufo daular Mahadi. Ranar 2 ga Satumba ta wannan shekara igwoginsa suka yi ɓarin wuta a Karari, arewa da Umdurman, inda mayaƙan Halifa Abdullahi kimanin 10,000 suka kwanta dama, alhali mamatan ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba. Kwamandan jirgin a ranar ɗan ɗan'uwan Janar Gordon ne, wanda Ansaru suka kashe a Khartum a 1885.

Shekara 28 kacal ke tsakanin wannan rana da kafa kulob ɗin. Da yawa daga waɗanda suka rasa iyaye da 'yan'uwa a Karari suna raye sa'ad da masu mulki suka fara shan iskar yamma a kan benen jirgin.

Amma wannan shaƙatawar ce ta tsirar da shi. Jiragen da suka gama aiki yawanci ruɓewa suke yi, ko a farfasa su a sayar da ƙarfen. Melik ya samu masu shafa masa fenti. Har fim ya fito, a The Four Feathers na 1939. Bayan 'yancin kai a 1956 kulob ɗin ya koma hannun 'yan Sudan, suka ci gaba da tsere a kan kogin, suka kuma gāji jirgin da aka ƙera domin cin ƙasar kakanninsu. A ƙarshen shekarun 1980 ambaliya ta ɗaga shi ta ajiye a tudu, cikin yashin harabar kulob ɗin.