Makantar Kogi da Halittun da Ido Ba Ya Gani

Wanda ya bi gaɓar kogunan Volta a arewacin Gana da ƙasar da yanzu ake kira Barkina Faso cikin shekarun 1960, zai tarar da abin mamaki. Ƙasa mafi albarka tana bakin ruwa, amma babu mai noma ta. Kangaye ne kawai, da tsofaffin rumbuna da gara ta cinye. Mutanen sun hau tudu, sun cunkushe a kan ƙasa mai tsakuwa wadda ba ta ba da hatsin kirki. Waɗanda suka dage suka zauna kusa da kogi kuwa sun biya da idanunsu. A wasu ƙauyuka mafi kusa da ruwa, kusan rabin magidantan da suka wuce shekara 40 makafi ne, yaran da ya kamata su kasance a makaranta ko wurin kiwo kuma sun zama 'yan jagora, suna riƙe da kan sanda.

Mutanen wuraren sun riga sun gane da kansu cewa kogi ne ke cin ido, ko da yake ba su san ta yaya ba. Likitoci ma sun daɗe kafin su haɗa labarin. A 1875 wani likitan sojan ruwa mai suna John O'Neill, yana aiki a ƙasar da ta zama Gana, ya duba fatar masu fama da ƙaiƙayi da madubin likita, ya ga waɗansu 'yan tsutsotsi suna motsi. A 1915 Rodolfo Robles, a can Gwatamala, ya nuna cewa tsutsar nan tana da hannu cikin lalacewar ido. Sai a 1926 Donald Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa wani ɗan baƙin ƙuda mai ƙusumbi, wanda bai kai ƙudan gida girma ba, shi ne ke ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum.

Ga yadda abin yake. Ƙudan yana yin ƙwai inda ruwa ke gudu da ƙarfi bisa duwatsu yana kumfa. 'Ya'yansa suna manne wa dutse ko ciyawa cikin ruwan, suna tace abin da igiyar ruwa ta kawo musu. Macen ƙudan ce ke cizo, da rana. In ta sa wa mutum tsutsar, sai ta girma ta naɗe cikin ƙullutu a ƙarƙashin fata, a kan ƙugu ko haƙarƙari, ta yi shekara 10 zuwa 15 tana haihuwa. 'Ya'yan, waɗanda ido ba ya ganinsu, su ne ke yawo cikin fata har su kai ido. Ƙaiƙayin da suke jawowa yana hana barci, har mutum ya kai ga susa da dutse ko sakaina sai jini ya fito. Makantar kuwa ba dare ɗaya take zuwa ba, sai bayan shekaru na cizo bisa cizo. Magungunan da ake da su a dā, ɗaya yakan kashe 'ya'yan tsutsar gaba ɗaya har ido ya ƙara lalacewa, ɗayan kuma allura ce mai dafi wadda takan taɓa ƙoda, wani lokaci ta yi kisa. Ba abin da za a raba wa ƙauye guda ba ne.

Saboda haka da aka tashi yaƙi da cutar a 1974, ƙudan aka nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da waɗansu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa shiri mai hedkwata a Wagadugu, da ƙasashe 7: Nijar, Gana, Togo, Mali, Kwaddibuwa, da ƙasashen da yanzu ake kira Binin da Barkina Faso. Lissafin mai sauƙi ne, aikin ne mai wuya. In aka hana ƙuda ƙyanƙyasa har tsofaffin tsutsotsin da ke jikin mutane su mutu don kansu, cutar za ta yanke. Wato dole kowane mako, shekara da shekaru, jiragen sama da jirage masu saukar ungulu su bi dubban kilomitoci na kogi suna zuba maganin kashe 'ya'yan ƙuda a saman kowane wurin da ruwa ke gudu. A ƙasa kuma akwai ma'aikata da sukan zauna bakin ruwa tun safe har yamma da ƙafafu a buɗe, ƙuda ya sauka su kama shi cikin kwalba, domin a ƙirga a gani ko aikin yana ci. Ba a cika ambaton waɗannan mutane ba, alhali da jikinsu aka auna nasarar.

Aiki ya yi kyau shekara biyar. A 1980, a ƙasan kogin Bandama na Kwaddibuwa, aka ga maganin da aka dogara gare shi, mai suna temefos, ya daina kashe wani jinsin ƙudan. Aka canza wani, ba da daɗewa ba shi ma ya kasa. Magunguna masu ƙarfi da suka rage kuwa suna iya kashe kifi da sauran abin da ke cikin ruwa, kogunan nan kuma su ne abincin masunta. Gaba kura, baya sayaki.

Mafitar ta fito daga wani kududdufi. A 1976, a hamadar Negeb ta Isra'ila, masu bincike biyu, Yoel Margalith da Leonard Goldberg, sun iske wani ɗan tafki yana ƙafewa, cike da matattun 'ya'yan sauro. Suka ɗebo, suka bincika, suka sami wata ƙwayar halitta irin waɗanda ake kira bakteriya, wadda daga baya aka taƙaita sunanta da Bti. Sa'ad da wannan ƙwaya ta ga wahala ta zo, takan dunƙule ta kwanta, ta kuma yi wani ɗan ƙanƙanen gishiri-gishiri a gefenta. Ɗan sauro ko ɗan baƙin ƙuda ya haɗiye shi, ruwan hanjinsa ya narkar da shi ya zama dafi, ya huda hanjin. Cikin kifi da na mutum da na dabba ba irin wannan ba ne, don haka ba ya yi musu kome. Daga farkon shekarun 1980 aka riƙa kiwon ƙwayar cikin manyan tankuna, ana zuba ta cikin kogunan Afirka ta Yamma. Tana da nakasunta: sai an zuba da yawa, kuma in kogi ya cika da damina ba ta tafiya nesa. Sai aka riƙa amfani da ita da rani, sa'ad da ruwa ya ja, a koma ga sauran magungunan bi da bi in ruwa ya ƙaru. Wannan juyi ne ya hana ƙudan sabawa da magani guda, ya kuma ceci shirin.

Ana cikin haka, wata ƙwayar tana tahowa ta wata hanya dabam. Kowa ya san ƙamshin da ƙasa ke yi in ruwan fari ya sauka bayan dogon rani. Galibin ƙamshin nan aikin wani dangin bakteriya ne da ke zaune cikin ƙasa, masu suna Streptomyces, waɗanda ke ruɓar da ganye da kara su mai da su taki. Ɗan tsunkule guda na ƙasar gona mai kyau yana ɗauke da ƙwayoyin halitta miliyoyi, suna ƙwacen abinci da wuri, kuma makamin da yawancinsu ke yaƙar juna da shi wani ruwa ne da suke fitarwa. Daga wannan dangi aka samo maganin farko da ya yi tasiri kan tarin fuka a 1943. Tun daga lokacin masu bincike suka shiga tonon ƙasa ko'ina.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Satoshi Omura na Cibiyar Kitasato a Tokiyo, mutumin da aka sani da yawo da 'yan jakunkunan leda a aljihu domin ɗibar ƙasa duk inda ya je. A 1973 aka ɗebo ƙasa kusa da wani filin wasan golf a Kawana, bakin teku a Japan. Ƙwayar da ta tsiro daga cikinta tana cikin waɗanda ya aika wa kamfanin Merck a Amurka. A can, a 1975, ƙungiyar da William Campbell ke ciki ta ba ɓeraye masu tsutsar ciki abin da ƙwayar ta fitar, tsutsar ta mutu, ɓerayen suka rayu. Aka gyara shi kaɗan, aka sa masa suna ibamektin, aka fara sayar da shi a 1981. Ba don mutane ba fa. Maganin shanu ne da tumaki da dawaki, kuma ya kawo wa kamfanin kuɗi mai yawa.

Campbell ne ya lura cewa maganin yana kashe wata tsutsar dawaki wadda 'yar'uwa ce ga ta makantar kogi. Wani likitan kamfanin, Mohammed Aziz, haifaffen ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash, wanda ya taɓa aiki a Saliyo ya ga cutar da idonsa, ya gwada shi kan mutum 32 a Dakar a 1981. Sha ɗaya ya share 'ya'yan tsutsa daga fata na watanni, ba tare da ɓarnar tsohon magani ba. Sauran matsalar ita ce masu bukatarsa ba su da abin saye, kuma ba a sami gwamnatin da za ta ɗauki kuɗin ba. A watan Oktoba na 1987 shugaban kamfanin, Roy Vagelos, ya sanar cewa za a ba da shi kyauta da sunan Mectizan, ga duk mai bukata, har iyakar lokacin da ake bukata. Ana iya cewa ribar maganin dabbobi ce ta sa kyautar ta yi sauƙi, gaskiya ne kuwa, amma an cika alkawarin.

Maganin ba ya kashe uwar tsutsa, yana dai hana ta haihuwa na ɗan lokaci. Dole a sha kowace shekara har ta tsufa ta mutu. Ba likitocin da za su isa wannan aiki, don haka da aka kafa sabon shiri a 1995 domin ƙasashen da na farko bai kai gare su ba, har da Nijeriya da Kamaru da Cadi, ƙauyuka ne suka zaɓi masu rabo daga cikinsu. Ba a bukatar ma'auni: sanda ce mai alamu, a tsai da mutum jikinta, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. A dazukan tsakiyar Kamaru kuwa an gamu da masifa cikin shekarun 1990, gama waɗansu mutane suna ɗauke da wata tsutsa dabam mai suna lowa-lowa da yawa cikin jini, maganin ya bugar da su, har waɗansu suka rasu. Wannan ya jinkirta aikin a wuraren ƙwarai.

Ƙwaya ta uku tana cikin tsutsar kanta. Tun shekarun 1970 an hango waɗansu bakteriya cikin jikin irin waɗannan tsutsotsi, ba wanda ya kula. Sai cikin shekarun 1990 aka gane su, Wolbakiya ne sunansu, aka kuma gane cewa tsutsar ba ta iya haihuwa ko daɗewa in babu su. A Gana, Achim Hoerauf da abokan aikinsa suka ba marasa lafiya doksisaikilin, wani sanannen maganin bakteriya, na mako 6, sakamakon da suka buga a 2000 ya nuna tsutsotsin sun zama juya. A 2002 kuma wani gwaji kan ɓeraye ya nuna cewa kumburin da ke dushe gaban ido yawancinsa faɗan da jiki ke yi ne da waɗannan bakteriya, sa'ad da ɗan tsutsa ya mutu suka fito. Ashe abin da aka yi shekara ɗari ana ɗora wa tsutsa ita kaɗai, da abokin aiki a cikinta. Doksisaikilin bai dace da rabon gari guda ba, domin sai an sha kullum na makonni, kuma ba a ba masu ciki da ƙananan yara. Amma lowa-lowa ba ta da Wolbakiya, saboda haka yana da amfani a wuraren da ake tsoron ibamektin.

An rufe shirin Wagadugu a ƙarshen 2002, lokacin yana da ƙasashe 11. Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya hana mutum 600,000 makancewa, ya kuma buɗe hekta miliyan 25 na ƙasar bakin kogi ga manoma. Omura da Campbell sun sami kyautar Nobel a 2015. Aziz bai ga wannan ba, ya rasu a 1987, shekarar da aka fara kyautar maganin. Ƙasashe huɗu na Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, har da Gwatamalar Robles, sun rabu da cutar tsakanin 2013 da 2016.

A Nijar, cutar tana kudu maso yamma ne, a gaɓar kogunan da ke zuba cikin Kwara, irin su Sirba da Tapowa da Mekuru. An yi feshi a can daga 1976 zuwa 1989, daga baya aka raba ibamektin shekara da shekaru, sa'an nan aka bi da gwajin jinin yara da binciken ƙudajen da aka kama a bakin ruwa. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa yaɗuwar makantar kogi ta yanke a Nijar, ƙasa ta farko a Afirka da ta kai wannan matsayi.