Jizong: Laimar Kwaɗin da Gara Ke Nomawa a Dazukan Yunnan

Jizong suna ne da Sinawa suke kiran wata laimar kwaɗi da ake ci, wadda masana suka sanya a rukunin Termitomyces. Tana fitowa da damina, daga watan Yuni zuwa Satumba, a dazukan lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin ƙasar Sin, kuma tana da tsada a kasuwannin birnin Kunming. Gara ce ke renon ta a cikin gidanta na ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ba ta tsirowa sai inda gara take. 'Yan'uwanta suna fitowa a kan suri a Afirka ma.

Babbar shaidarta tana cikin ƙasa. Idan aka tona a hankali, za a ga ƙafarta ta zarce kamar doguwar saiwa, tana sirancewa har ta kai gidan garar. A tsakiyar hularta kuma akwai tsini mai tauri, wanda da shi take huda ƙasa ta fito. In aka kife hular a kan farar takarda ta kwana, garin da zai zubo yana da ɗan ja-ja mai haske.

Haɗarin yana wajen dangin Amanita, waɗanda garinsu fari ne, gindinsu kuma yana zaune cikin wani ɗan jaka mai kama da ɓawon ƙwai. Wanda ya yanke laimar daga sama da wuƙa ya bar wannan shaida a ƙasa, saboda haka masu tsinta na gaskiya tonowa suke yi. Ɗaya daga cikinsu, Amanita exitialis, ta halaka mutane a yankin Guangzhou, birnin da fatakenmu suka sani sarai. Dafuwa ba ta kashe gubarta. Amai da gudawa ba sa farawa sai bayan awa 6 zuwa 24, sannan mutum ya ji kamar ya samu sauƙi alhali hantarsa na lalacewa. Duk wanda ya ga haka ya garzaya asibiti, ya tafi da ragowar abin da ya ci.

Zancen cewa mai guba tana baƙanta tafarnuwa ko cokalin azurfa, ko kuwa wadda ƙwari suka ci ba ta da illa, camfi ne kawai. Mai saye kuma ya lura: abin da ake tallatawa da sunan “baƙar jizong” wani iri ne dabam da ake nomawa a gona. Ana cin sa lafiya, amma bai cancanci kuɗin ta daji ba.