Darasin da Tarin Fuka ya Koya wa Likitocin Daji

A Illela, wanda ya yi sati biyu yana tari mun san hanyarsa: a gwada majinarsa a asibiti, in tarin fuka ne a ɗora shi kan magani kyauta na wata shida. Kaɗan ne cikinmu suka lura cewa ƙwayar da yake haɗiya a wata biyun farko magani huɗu ne a dunƙule.

Da guda ɗaya aka fara. A 1943 Albert Schatz ya gano sitiraftomaisin a Amurka. Gwajin da aka wallafa a Ingila a 1948 ya nuna majinyata suna farfaɗowa, amma cikin 'yan watanni ƙwayar cutar ta daina jin maganin a jikin da yawansu. Da aka haɗa shi da na biyu, taurin kan ya ragu ƙwarai. Mu masu aikin manhaja lissafin ba baƙo ba ne: idan ƙwaya ɗaya cikin miliyan ke tsallake kowane magani, tsallake biyu a lokaci guda sai ɗaya cikin miliyan sau miliyan.

Wannan dabarar Emil Frei da Emil Freireich suka ara a farkon shekarun 1960, suka haɗa magani huɗu ga yara masu sankarar jini. Ta yi aiki.

Sankarar huhu kuwa ta ƙi bari ta daɗi. Sisfilatin, maganin da Barnett Rosenberg ya yi tuntuɓe da shi a 1965, an amince da shi a 1978, amma likitoci suka daɗe suna gardama ko ribarsa ta kai wahalar amai da lahanin ƙoda ga wanda ciwonsa ya bazu. Sai a 1995 aka tattara gwaje-gwaje 52, aka ga ƙarin rayuwar bai wuce kamar wata ɗaya da rabi ba. A 2002 an gwada haɗe-haɗe huɗu na magani bibbiyu, duk suka tsaya wajen wata takwas. Ƙara na uku irinsu yawanci wahala ya ƙara. Canji na gaske ya zo a 2018, da aka haɗa biyun da fembrolizumab, mai sakin garkuwar jiki ta far wa dajin: daga wata 11 zuwa 22. A ganinmu ci gaba ne babba, sai dai jinkiri ne ya samar, warkewa irin ta tarin fuka ba ta samu ba.

Inda tarihin ya taɓa mu shi ne cututtukan biyu kamarsu ɗaya: tari, jini a majina, rama. Magani huɗun nan ba sa taɓa daji. Mutum kan cinye wata shidansa yana ƙara ramewa kafin a ce ya kama hanyar Sakkwato, tafiyar kilomita 80 da ɗoriya, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a ɗebi tsoka a duba. Maganin daji kuma ba kyauta ba ne. Mai kiwo sai ya kora shanu kara ranar kasuwa.