Daga kulob ɗin rediyo zuwa kulob ɗin karatu



Duk lokacin da aka ce a kafa kulob ɗin karatun littafi a kwaleji ko lise, sai a barma mushen faransanci shi kaɗai, wai ai aikinsa ne. Mu kuwa muna ganin tarihinmu ya nuna mana wata hanya daban.

A shekarar 1962, shekara biyu bayan samun ƴancin kai, aka kafa ƙungiyar Radio-Clubs ta Nijar. Mutanen gari kan taru gaban akwatin rediyo guda, su saurari shiri kan noma ko kiwon lafiya, sannan a buɗe mahawara. Mai jagorantar zaman ya ɗauki muryoyinsu a kan na'ura, a aika Yamai, a sake watsawa ƙasa ta ji. A wannan zama ba a ware manomi gefe, malamin asibiti gefe. Magana ɗaya ce, kowa ya kawo abin da ya sani a kanta.

To me zai hana littafi ya zauna inda akwatin ya zauna?

Mu ɗauki Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Mushen tarihi na da aiki a ciki: yaƙin Lugu na watan Afrilun 1899, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine, da ɓarnar da rundunar ta yi a Birnin Ƙonni, da yadda sojojinsu suka kashe su biyun a yankin Tasawa cikin watan Yuli. Mushen labarin ƙasa ya sa yara su zana hanyar a taswira, su gano dalilin da ya sa rijiya ke ja ma runduna gora cikin rani. Na lissafi ya ba su nisan zango da yawan mutane, su auna ruwan da ake buƙata a yini. Na faransanci kuma ya tambaye su: ina tarihi ya tsaya, ina marubuci ya ƙara gishiri? Daga nan su tafi wajen kakanninsu su ji yadda ake ba da labarin da Hausa.

Abin da ke damunmu shi ne, yaro na iya haddace kaye har ya ci brebe, bai taɓa kai littafi guda ƙarshe ba. Kuma ba sai an jira babban ɗakin karatu ba. Kwafi biyar sun ishi aji, idan an raba yara rukuni-rukuni, ana zama sau ɗaya a mako, mushe biyu ko uku suna karɓa-karɓa.

Iyayenmu sun yi da akwati guda a gindin itace. Ku faɗa mana: a lakwal ɗin garinku, wane littafi za a fara da shi, kuma wane mushe zai fara zama?