Daga Hammatar Makaɗi zuwa Cikin Kwamfuta: Tarihin Rawar Sauti

Duk wanda ya saurari mai goge a dandalin Birnin Ƙonni, ko mai kalangu a bukin aure a Malbaza da Illela, ya san sautinsu ba ya tsayawa cak. Mai goge yana girgiza yatsa bisa tsarkiya, muryar ta riƙa rawa. Mai kalangu kuwa yana matse igiyoyin fata da hammata, sautin ya hau, ya sassauta, ya sauka. Wannan motsi shi ne ran kiɗa, kuma shi ne ya fi ba maƙeran na'urorin kiɗa wuya.

Sautin lantarki tsurarsa miƙaƙƙe ne, kunne yana saurin gajiya da shi. A shekarar 1964 Robert Moog ya fito da na'urar haɗa sauti a Amurka, wadda a cikinta wata igiyar lantarki ke iya juya wata. Kunnen mutum ba ya jin kaɗawar da ta gaza sau 20 a daƙiƙa. Sai aka mai da irin wannan igiya mai nawa, wadda ake kira LFO, ta zama hannun ɓoye: ba a jin ta, aikinta ake ji. In an ɗora ta kan tsayin murya, sau 5 ko 6 a daƙiƙa, sautin ya yi rawa kamar na goge. In kan ƙarfin sauti ne, ya riƙa kusantowa yana nisanta. In kan matatar sauti ne, ya buɗe ya rufe kamar bakin mai magana.

A Nijar, Mamman Sani ne ya share fagen kiɗan lantarki. Ya sayi ogan ƙirar Orla a 1974, ya naɗi kaset a Yamai a 1978, ya zuba tsofaffin waƙoƙin ƙasa cikin muryar na'ura. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin a 2013. Daga shekarun 1990 kuma, waƙoƙin finafinan Kano, waɗanda ake kaɗawa da fiyanon Yamaha, suka riƙa shigowa Ƙonni ta hanyar Sakkwato. A daidai lokacin na'urar kanta ta koma manhaja: kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST a 1996, FruityLoops ta biyo baya daga Beljiyam. Yau yaro mai kwamfuta yana iya juya wannan igiya da ɗan yatsa.

Amma akwai bambancin da ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai. Igiyar na'ura tana maimaita zagaye guda, sai fa an ba ta wani umurni. Hammatar makaɗi kuwa karin harshen Hausa take bi, hawa da sauka da faɗuwa, shi ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum har ya waiwayo. Na'ura ta koyi rawar, ba ta koyi maganar ba.

Don haka aikin da ke gaban ƙungiyoyin al'adu na jihar Tawa shi ne su naɗi tsofaffin makaɗa tun suna raye, su zaunar da matasan situdiyo kusa da su. Yaron da ya san dalilin da ya sa mai goge ke jinkirta girgiza yatsa har ƙarshen baiti, shi zai san inda zai sa igiyar da inda zai cire ta.