Lissafi a Matsayin Tushen Zullumi a Littafin The Martian

Babu mugu ko ɗaya a cikin The Martian, ƙagaggen labarin kimiyya da Ba'amurke Andy Weir ya fara sakewa babi-babi a intanet, kafin kamfanin Crown ya buga shi a 2014. Duk da haka hankalin mai karatu ba ya kwanciya har ƙarshe. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, daga lissafi zullumin yake fitowa.

Jarumin littafin, Mark Watney, masanin tsirrai ne kuma injiniya. Kwana shida da saukar ayarinsu a duniyar Mars guguwa ta taso, eriya ta soke shi, abokan tafiyarsa biyar suka ɗauka ya mutu, suka tashi. Da ya farfaɗo sai ya tarar da masaukin da aka tanada don kwana 31 kacal. Ayari na gaba sai bayan shekara huɗu, kuma a kwarin Schiaparelli zai sauka, nisan kilomita 3,200. Tun farko Weir ya danƙa wa mai karatu waɗannan alƙaluma, shi ma ya shiga ƙirga abinci da ruwa da iska, yana ganin giɓin da idonsa.

A noman dankalin Turawa dabarar ta fi fitowa fili. Da ƙwaya 12 Watney ya fara. Ya kwaso ƙasar Mars ya shimfiɗa a daɓen masauki, ya gauraya da ɗan samfurin ƙasar duniya, ya yi taki da bahaya. Ruwa kuwa daga man roka ya tatso shi: ya ware iskar haidurojin, yana ƙona ta kaɗan-kaɗan. Amma wadda ba ta ƙone ba ta taru, saura ƙiris masaukin ya tashi da shi. Haka kowace mafita ke haifar da sabuwar matsala. Ya tono na'urar Pathfinder, wadda ta sauka Mars da gaske a 1997, ya samu magana da hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, daga baya kuskurensa da injin huda ya ƙona ta. A kwana na 119 ƙofar masauki ta yage, sanyi ya kashe shukar.

Ana yi wa littafin suka biyu. Na farko, matsin iskar Mars bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ta duniya ba, don haka irin guguwar da ta raba Watney da ayarinsa ba ta yiwuwa, kuma Weir da kansa ya yarda da hakan. Na biyu, wai Watney ya cika barkwanci, ba a ganin tsoronsa. Wannan sukan bai yi adalci ba. Mutumin da ke rage abincinsa yana maimaita lissafi kullum, tsoronsa a fili yake, sai dai ya sarrafa shi zuwa aiki.

Kuma ba dabararsa kaɗai ta cece shi ba. Bayan rokar kai masa abinci ta tarwatse, hukumar sararin samaniyar Sin ta ba da tata. Abokan tafiyarsa suka saɓa wa umarnin NASA suka juya, sun san za su ƙara kwana 533 a sararin samaniya, kuma kuskure ɗaya zai iya mayar da asarar rai ɗaya ta zama ta shida.